Forajin da Rairayi Ya Binne a Arewacin Tenhya

Har yau ban manta da ranar da muka tono wani tsohon foraji daga ƙarƙashin rairayi ba, can arewa da Tenhya. Ku da kuka shigo aikin ruwa kwanan nan kuna yawan tambayata abin da ya kamata mutum ya ɗauka idan an tura shi daji neman wuri da lamba. Maimakon in jera muku sunayen kaya, bari in ba ku labarin tafiyar da ta koya mini su.

Lokacin ina shekarata ta biyu a biro ɗinmu, wato ofishinmu, na Tanout, ƙaramar ma'aikaciya, aikina auna rijiyoyi da foraji, in rubuta zurfinsu da yawan ruwan da suke bayarwa. Ga wanda bai san aikin ba, foraji rami ne siriri da inji ke haƙawa, a zura masa bututun ƙarfe har ya kai ga ruwa. A Damergu ruwa na da nisa ƙwarai, shi ya sa foraji ɗaya kan ɗauki watanni kafin a gama shi. Shef ɗin sashenmu, wato shugabanmu, Malam Haruna ne, ɗan Damagaram, wanda a lokacin saura masa wata bakwai ya yi ritaya. Direbanmu Iliya, mutumin Gangara.

Cikin bazara aka aiko mana da takarda daga meri, wato ofishin magajin gari, cewa rijiyar siminti da wasu makiyaya ke sha a wani kwari arewa da Tenhya ta rufta. Sai sun yi yini guda a hanya kafin su kai ga ruwa, su kwana, su yi yini guda suna dawowa, kuma ƙananan dabbobinsu sun fara faɗuwa a hanya. A tsarin aikin shekarar babu haƙa sabon foraji a yankin. Amma akwai ma'aikata da injin gyaran tsofaffin foraji da ke aiki a kusa, saura musu kwana goma su tattara su wuce wata jiha. Idan akwai tsohon foraji a wurin, suna da izinin gyara shi. Idan babu, shi ke nan, sai baɗi.

Malam Haruna ya ce ya taɓa ganin wata takarda a kan kwarin nan tun yana saurayi. Muka yi yini a ɗakin ajiya muna ɗaga tsofaffin fayil har muka same ta. Gara ta ci fiye da rabinta. Abin da ya rage kawai lambobin wurin, da kalma ɗaya ta Faransanci mai nuna cewa an sami ruwa. Zurfi, girman bututu, dalilin da ya sa aka bar shi, duk gara ta tafi da su. Daga kalar takardar da hatimin da ke kanta, Malam ya ce aikin ya kai shekara arba'in.

Ni dai murna nake. An ba ni sabuwar GPS, na'urar nan da ake zuba wa lambobin wuri ta riƙa nuna hanya da kibiya. A raina, za mu je, kibiya ta tsaya, mu ga bututu, mu dawo kafin la'asar ɗin gobe. Na zo da ƴar jakata a kafaɗa: GPS, waya, biro mai rubutu guda biyu, gorar ruwa, da gyale na canji.

Malam Haruna ya dubi jakar ya ce, "Rakiya, wannan ta biki ce ko ta aiki?"

Na ce, "Shef, ai duk abin da ake buƙata yana cikin na'urar."

Bai yi mini gardama ba. Ya sa Iliya ya shimfiɗa tabarma a gaban mota, ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe, ya fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa. Taswirar takarda da ta sha ninki. Busol, wato agogon nan mai allura da ke nuna arewa. Sandar ƙarfe mai tsini, tsawonta ya kai kafaɗata. Shebur biyu, igiya mai ƙulli a kowane metir biyar, da turakun ƙarfe. Kile na kwance kusoshi, manya da ƙanana, guduma, zarto. Safar hannu ta fata, matsefata, akwatin magani da garin gishiri da sukari na mai gudawa. Pil, wato batir, sababbi a cikin gwangwani, an naɗe su da tsumma don zafi. Littafi mai bangon fata da fensir uku a ɗaure da roba. Daga ƙarshe ya fito da sond, tef ne mai tsawo a naɗe a kan faifai, bakinsa na da ɗan ƙarfe da ke sa ƙararrawa ta yi kuka idan ya taɓa ruwa. Ya miƙo mini ya ce in tsoma bakin a cikin kofi. Na tsoma, shiru. Pil ɗin cikinsa ya mutu tun bara. Na canza, na sake tsomawa, ya yi kuka.

"Kowane kaya a gwada shi a gida," in ji shi. "A daji ba a gwaji."

Ruwa kuwa bido takwas, wato manyan jarkoki, muka ɗauka, ban da mai da taya biyu na ajiya, da garin rogo, dabino, ƙuli-ƙuli da shayi. Ya gaya mini dokarsa: rabin ruwan na aiki ne, rabin na dawowa. Ranar da bido huɗu suka ƙare, ko muna ganin abin da muke nema da ido, mota za ta juya. Da muka isa Tenhya ya shiga meri ya bar takarda mai ɗauke da sunayenmu, hanyar da za mu bi, da ranar da za mu dawo. Ya ce wa sakataren, "Idan aka sauko daga Juma'a ba ku gan mu ba, a biyo sawunmu."

Muka bar hanyar mota muka shiga daji. Ni ce a gaba riƙe da GPS, ina gaya wa Iliya dama da hagu. Kilomet goma, biyar, ɗaya. Metir ɗari biyu. Na ce ya tsaya, na sauka na taka da ƙafa har lambar ta zama sifili. Na ɗaga kai na duba. Babu komai. Rairayi ne fari ko'ina, da busasshiyar ƙarangiya, da ƴan itatuwan ƙaya nesa-nesa. Ba bututu, ba siminti, ko guntun gwangwani babu.

Na ce, "Shef, na'urar ta ce nan ne."

Ya ce, "Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ta kawo ki inda aka gaya mata." Ya shimfiɗa taswira a kan bonet, ya ɗiga ɗan ɗigo da fensir. "Mutanen da suka rubuta lambar nan ba su da irin abin da ke hannunki. A kan taswira irin wannan suka auna da rula. Kin ga kaurin ɗigon nan? A ƙasa ya kai metir ɗari biyu. Idan hannun mutum ya ɗan goce, kilomet guda ya tafi."

Ranar na san me ake nufi da nema. Muka kafa turke a inda GPS ta tsaya, muka ja igiya, muka raba filin layi-layi. Mutum ya bi layi, kowane taku uku ya caka sandar ƙarfe a ƙasa, ya saurara ko za ta bugi wani abu mai tauri. In ya kai ƙarshe, a matsar da igiya. Kafin azahar wayata ta ɗauki zafi ta mutu. Gilashin GPS ya yi baƙi, sai da na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ta dawo. Ƙarangiya ta cika mini zani da tafin hannu, da la'asar ina zaune da matsefatar da na raina ina cire ta ɗaya-ɗaya. Sau ɗaya sandar ta bugi abu, muka haƙa da zumuɗi, ashe ƙashin raƙumi ne, da kunama a ƙarƙashinsa. Ta harbi safar hannun Iliya, ba ta kai fata ba.

Makiyayan na zaune kamar kilomet biyu daga inda muke. Arɗonsu ya zo da mutum huɗu suka taya mu caka ƙasa. Malam ya tambaye su ko sun taɓa ganin ƙarfe a kwarin nan. Suka ce su shekara goma sha wani abu ke nan da fara sauka nan, ba su taɓa ganin komai ba. Haka muka yi yini biyu cur. Da yammacin rana ta biyu Iliya ya ƙwanƙwasa bido na huɗu ya ce saura rabi. Malam ya kira Arɗo ya gaya masa gaskiya: gobe da azahar za mu tafi. Arɗo bai roƙe mu ba. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya juya ya daɗe yana kallon shanunsa.

Da safiyar rana ta uku na tafi wajen matan rugar in gaishe su, in kuma yi musu ban kwana. Suka ba ni tabarma. A gefe akwai wata tsohuwa siririya, ana ce mata Inna Dije, tana kaɗa ɗan nonon da aka samu. Ta dube ni ta ce cikin Hausarta ta Fulani, "Ke ɗiyata, kwana biyu kuna soke ƙasa. Me ta yi muku?"

Na yi dariya na ce, "Inna, wani bututun ƙarfe muke nema, na ruwa, wanda aka haƙa tun da daɗewa."

Ta ajiye maburgi. "Na masu dogon ƙarfen nan mai ruri? Ai ba can ba ne."

Na ce, "Inna, kin san shi?"

"Ina amarya suka zo. Ni nake kai musu nono kullum da safe. Wata biyu suna nan." Ashe ba a cikin wannan rugar ta yi aure ba. Bayan mijinta ya rasu ne ta dawo wajen ɗiyarta, shi ya sa mazan ba su san ta taɓa zama a kwarin ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Aka ɗora ta a kan jaki, muka bi ta a ƙasa. Ta yi gabas da mu fiye da kilomet guda daga turkenmu, tana tafe tana duban itatuwa. Ta ce aduwa uku ne a jere, masu aikin na kwana a gindin ta tsakiya, ƙarfen kuma na tsaye yamma da su. Aduwa ɗaya kawai muka tarar a tsaye. Ta sa aka tona wani ɗan tudu, sai ga kututturen ta biyu. Ta sauka daga jakin, ta tsaya a kan kututturen, ta miƙa hannu ta ce, "Daga nan zuwa can. Amma da wurin fako ne, wannan tudun rairayin baƙo ne."

Filin da ta nuna bai fi ƙaramar gona ba, sai dai rairayin ya yi kauri, sandarmu na nutsewa gaba ɗaya ba ta taɓa komai. Rana ta ɗaga, saura awa uku azahar. Malam Haruna ya ce Iliya ya janye mota can nesa, a kwashe shebur da turaku, kowa ya ja baya da wuƙarsa da takobinsa. Ya sa na cire agogo da ƴan kunne. Sannan ya ɗora mini busol a tafin hannu.

Ya ce, "Gwiwoyina ba za su iya ba, ke za ki yi. Ki durƙusa, ki riƙe shi dab da ƙasa, ki bi igiya a hankali. Kada ki dubi komai sai allurar. Bututun ƙarfe mai tsawo irin wannan yana jan allura. In kin zo kansa za ki sani."

Ban yarda ba, amma na durƙusa. Rairayin na ƙona gwiwa. Layi na farko, allura na kallon arewa ba ta motsa ba. Na biyu haka, na uku haka. Gumi na ɗiga a kan gilashin ina sharewa da gyale. A tsakiyar layi na bakwai na ga ta yi rawa. Na zaci hannuna ne ke karkarwa, na dafa gwiwar hannu a ƙasa. Na matsa gaba kaɗan. Allurar ta saki arewa ta karkata, a hankali, kamar wani na jan ta da zare. Na ƙara matsawa, ta juya gaba ɗaya ta kalli inda na fito. Ƙasa ce fara a gabana, ba alamar komai, amma ga abu a hannuna yana gaya mini akwai wani abu a ƙarƙashina. Na ɗaga wa Shef hannu.

Shebur biyu ne, amma mutum ashirin suka yi haƙan, da ƙore da hannuwa. Da ramin ya wuce tsayin mutum, shebur ɗin Iliya ya yi ƙara. Muka share, sai ga dakalin siminti, a tsakiyarsa bakin bututu da murfin ƙarfe, an ɗaure shi da kusoshi shida. Sun yi tsatsa, kile ya ƙi juya su. Iliya ya zuba musu man birki ya ce a ba su ɗan lokaci.

Muna jira yana share gefen dakalin, sai ya ga wani ɗan faifan ƙarfe a kwance a cikin simintin. Ya ɗaga shi da tsinin sanda. A ƙarƙashinsa akwai ɗan rami da aka yi da gangan, a ciki kwalbar magani ce, an toshe bakinta da kwalta. Cikin kwalbar akwai takarda a naɗe.

Malam ya wanke hannunsa kafin ya taɓa ta. Rubutun fensir ne, bai goge ba. Fuska ɗaya Faransanci ne: zurfin ramin, girman bututu, irin ƙasar da suka ratsa, da inda ruwa ya tsaya, metir ɗari da goma sha biyu. Duk abin da gara ta ci a biro, ga shi nan. Ya juya bayan takardar, sai ga ajami. Ya gyara tabarau ya karanta a fili. Sunayen leburori ne goma sha ɗaya, kowa da garinsu. A ƙasa aka rubuta: "Mun sami ruwa ranar Alhamis. Mai daɗi ne, mun sha. Pampo bai zo ba, an ce mu rufe mu tafi. Mun rufe da kyau saboda wanda zai zo. Wanda ya buɗe ya yi wa Habu ɗan Ollelewa addu'a. Zazzaɓi ya ɗauke shi a nan, yana kwance gabas da aduwa ta tsakiya."

Sai Inna Dije ta ce, "Habu. Mai wushirya ne. Kullum sai ya ce nonona ruwa ya yi masa yawa, kuma sai ya shanye." Malam ya ɗaga hannu, duk muka ɗaga, Fulani da mu, muka yi wa mutumin da ba mu taɓa gani ba addu'a a cikin ramin nan.

Kusoshin suka saki ɗaya bayan ɗaya. Da aka ɗaga murfin wata iska mai sanyi ta fito, mai warin ƙarfe da laima. Bututun tsaf yake, ko ƙwayar rairayi ba ta shiga ba, don sun shimfiɗa robar taya a ƙarƙashin murfin. Na zura bakin sond, na fara sakin tef, Iliya na kiran lamba. Hamsin. Tamanin. Ɗari. Na san foraji kan toshe, na san ruwa kan gudu a cikin shekara arba'in. Ɗari da goma. Ɗari da goma sha biyu, shiru. Na ƙara saki kaɗan, na ƙara. A ɗari da goma sha uku da rabi ƙararrawar ta yi kuka.

Arɗo ya sunkuyo ya ce, "Malam, me ya sami abin?"

Malam Haruna ya ce, "Ruwa ya taɓa."

Na ja tef ɗin sama, bakinsa na ɗiga. Arɗo ya tara hannu, ɗigo biyu suka faɗa a tafinsa, ya shafa a fuska. Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Ni kuwa zama na yi a bakin ramin.

Saura aikin da ya zama dole. Na ɗauki sabuwar lambar wurin sau uku, ina tsaye a kan dakalin. Na kwafe takardar gaba da baya a littafi. Malam ya ce ba za mu tafi da ita ba, ta wurin ce. Ya yago sabon shafi ya ce in rubuta sunayenmu, da na Inna Dije, da inda muka sami ruwan. Biro ɗina duka biyu zafi ya busar da su, da fensir ɗinsa na rubuta. Muka naɗe takardun biyu tare, muka mayar cikin kwalba, Iliya ya toshe bakin da guntun roba da ya narkar. Muka mayar da murfin bututun, muka kafa dogon turke. Agogon Iliya na nuna azahar muka tayar da mota.

Daga Tenhya Malam ya buga waya. Bayan kwana shida injin ya iso, suka hura bututun da iska, ruwa ya fito ja, sannan ya washe. Saboda takardar kwalbar ba su ɓata ko yini guda wajen lalube ba, sun san girman pampon da zai shiga da inda za su rataye shi.

Kun ji kayan da ake ɗauka, kun kuma ji inda kowanne ya yi amfani. Na'ura za ta kai ku kusa, daga nan sai ƙafa, da haƙuri, da bakin tambaya, kuma a tambayi kowa, har wadda ke zaune a gefe ba ta ce komai ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai game da sana'ar nan shi ne mutanen nan goma sha ɗaya. An ce musu aiki ya tsaya, su rufe su tafi. Babu shef da zai zo duba murfin, babu wanda zai hukunta su in sun jefa dutse a bakin bututun sun hau mota. Sun binne abokinsu, sun gaji, gida na kiransu. Duk da haka suka tsaya suka yanka roba, suka ɗaure kusoshi shida, suka zauna suka rubuta wa mutanen da a lokacin wasu ba a ma haife su ba. Yawancin aikinmu haka yake, wanda zai ci amfaninsa ba za ku haɗu da shi ba. Don haka duk ramin da kuka buɗe ku rufe shi da kyau, duk lambar da kuka rubuta ku rubuta ta gaskiya. Wata rana wani zai durƙusa a cikin rana yana nema, ba shi da abin dogaro sai abin da kuka bari.